Wata shida da amfilifaya mai rediyo: abin da kunnena ya ji

Shekara da shekaru da ƙaramar sifikar Bluetooth nake jin kiɗa, har na saba da sautin da ke fitowa a dunƙule daga wuri ɗaya. Da na tashi sayen amfilifaya mai rediyo, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura shi zuwa sifiku, irin mai ɓangare biyu, hagu da dama, sai na tsaya a matsakaicin farashi, inda Yamaha da Denon da Onkyo da Sony duk suke baje kolinsu. Yau watana shida da wadda na ɗauko.

Abin da ya fara ruɗa ni lissafin wat ne, wato ma'aunin ƙarfin wutar da amfilifaya ke ba sifika. Kowane kwali sai cika baki yake da wat 100. Daga baya na gane cewa ninka wat desibel 3 kacal yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), kuma sai ƙarin ya kai wajen desibel 10, wato wat ninki goma, kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninku. Tawa wat 80 ce kowane ɓangare a kan sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta), an auna ta daga 20 Hz zuwa 20 kHz, wato daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri da kunne ke ji, alhali ɓangarorin biyu suna aiki. Wannan bayanin da ake rubutawa da ƙananan haruffa shi ne abin dubawa, don wasu kamfanoni a kan sauti guda, 1 kHz, kaɗai suke awo, da ɓangare ɗaya, lambar ta kumbura. Sifikuna na ba da desibel 88 da wat ɗaya a tazarar mita guda, shi ya sa ko rabin maɓallin ƙara ban taɓa kaiwa ba.

Ashe darajarta ba a ƙara take ba. Da dare na gane haka, gida ya yi tsit, na rage murya can ƙasa. Na sa wata waƙa da na ji fiye da sau ɗari, sai ga numfashin mawaƙiyar kafin ta ɗauki baiti, ga ƙarar yatsa yana zamewa a kan tsirkiyar jita. Muryar ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, daidai inda babu sifika, ganga na gefen hagu, fiyano na dama. Bugun gangar yana sauka ya ɗauke nan take, ba ya jan gunji. Wallahi sai da na mayar da waƙar sau uku.

Akwai maɓalli biyu da suka shiga raina. Ɗaya yana tsallake na'urar gyaran bas (wato sauti mai kauri) da siririn sauti, ya miƙa kiɗa kai tsaye. Bambancin kaɗan ne, amma murya ta fi fitowa tas. Ɗayan kuwa yana ƙara kauri idan an rage ƙara, domin kunnen ɗan Adam ba ya kama bas sosai a ƙaramar murya, abin da masu binciken sauti Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Mai jin kiɗa da dare zai san amfaninsa.

Inda ta gaza kuma ba zan ɓoye ba. Bluetooth ɗinta SBC kawai ya sani, wato gama-garin tsarin matse sauti kafin a aika shi, kuma sautin kuge yana fitowa da ɗan kaushi. Da na haɗa ta da talabijin ta wayar haske, wato wayar da ke ɗaukar sauti da haske maimakon wuta, na bar na'urar cikin amfilifayar ta juya sautin daga dijital, sai komai ya washe. Ba ta da HDMI ARC, mashigar da ke barin rimot ɗin talabijin ya sarrafa ƙararta, saboda haka rimot biyu nake riƙewa, abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. Na kuma ari sifiku masu om 4, waɗanda suka fi jan wuta, na gwada: cikin awa guda samanta ya ɗau zafi, da na matsa mata ta kashe kanta. Amfilifaya ce ajin AB, irin ƙirar da ke ɗaukar zafi, dole a bar mata sarari a sama ta sha iska.

Tana da mashigar garmaho, amma ta allura irin MM kaɗai, wato mai maganaɗisu mai motsi. Ranar farko wani gurnani ya dame ni, ashe wayar ƙasa ce, wato siririyar wayar garmahon mai kashe gurnani, ban ɗaura a ƙusar bayan amfilifayar ba. Ina ɗaurawa ya ɗauke. Eriyar FM da ta zo a kwali kuwa siririyar waya ce, sai da na maƙala ta a jikin taga kafin tashoshi suka daina shuu.