Alfalfa da ingiricin alkama: amsa ga Alhaji mai shanun tatsa a Ashaiman, ƙasar Gana

Alhaji, ka tambaya ko za ka iya daina ba shanunka 'yan haɗin Firisiya (irin shanun Turai masu yawan nono) alfalfa ka koma ingiricin alkama, tun da mai kawo maka kayan ya ce damin alkama ya fi araha. Za ka iya sauya wani kaso, amma kada ka sauya kilo da kilo ka bar sauran abincin yadda yake, domin abubuwan biyu ba dangi ɗaya ba ne.

Alfalfa dangin wake ce, matsayinta a wurin saniya kamar na harawar wake ko ta gyada ne, ita kuwa alkama dangin hatsi ce, don haka ingiricinta ciyawa ce mai kyau kawai. Busasshiyar alfalfa takan ɗauki furotin kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari, alhali ingiricin alkama yakan tsaya tsakanin kashi 8 zuwa 12, gwargwadon lokacin da aka yanke shi. Idan saniyarka tana cin kilo 5 na alfalfa a rana, tana samun furotin kimanin giram 900, idan kuma ka ba ta kilo 5 na ingiricin alkama, abin da za ta samu kimanin giram 500 ne. Giɓin giram 400 ɗin nan yana buƙatar kusan kilo guda na dusar waken soya, ko fiye da haka na ƙuli-ƙulin angurya, kuma sai ka haɗa kuɗin wannan ƙari da kuɗin damin kafin ka san ko arahar ta gaskiya ce.

Abin da ya fi damuna shi ne kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, saboda mutane sukan manta da shi. Alfalfa tana da shi kusan kashi 1.4 cikin ɗari, ingiricin alkama kuwa kusan kashi 0.3. Yawancinmu a nan muna dogara ga dusar alkama da ke fitowa daga kamfanonin fulawa na Tema da Takoradi, kuma wannan dusa tana da fosfaras da yawa amma kalsiyam kaɗan, wato alfalfar ce take rufe wannan rauni ba tare da an lura ba. Duk wanda ya cire ta, wajibi ne ya sa garin ɓawon kawa irin na masu kiwon kaji, ko garin farar ƙasa na abincin dabbobi, bisa awon da likitan dabbobi ya ba shi.

Ingiricin alkama ma yana da nasa alheri. Yana da kaushi, yana daɗewa a tumbi, yana sa saniya ta yi tuƙa sosai, abin da ke taimaka wa maiƙon madara, kuma masu yin wagashi (cukun madarar shanu) da burkina (haɗin nono da gero) sun san darajar wannan. A Isra'ila alkama ce ginshiƙin ciyawar shanun tatsa, sai dai suna cike giɓin da abinci mai ƙarfi da aka auna. Kaushin nan kuma shi ne yake cika ciki da wuri, har saniya mai yawan nono ta kasa cin abin da zai ishe ta. Saboda haka na fi son a ba da ingiricin alkama ga karsana da saniyar da aka daina tatsa tana jiran haihuwa, domin yawan fotashiyam da kalsiyam na alfalfa a makonnin ƙarshe yana iya jawo ciwon da ke kwantar da saniya bayan ta haihu.

Kafin ka biya, ka sa a kwance dami ɗaya a gabanka. Ingirici na gaske yana da ɗan kore, da ganye, da zangarniya mai ɗanyen ƙwaya. Idan ka ga kara rawaya mai sheƙi, ba ganye ba ƙwaya, to ragowar girbi ce, furotin ɗinta kashi 3 zuwa 4 ne kawai, kusan daidai da karan shinkafa. Ka shafa zangarniyar, domin tsinkayenta idan sun bushe suna yi wa saniya rauni a baki, ka kuma sansana tsakiyar damin saboda laimar gaɓar teku tana saurin kawo fumfuna.

Ga shanun da ake tatsa, ka fara da sauya kashi ɗaya cikin uku a hankali cikin mako biyu, kana auna madarar safe da ta yamma kana rubutawa. Tun da Gana ba ta noma alkama da yawa, kuma duka biyun da kuɗin waje ake shigo da su, ka tambayi masu motocin Tamale da Bawku na arewacin Gana farashin harawar gyada da ta wake bayan kaka, domin ita ce ta fi kusa da alfalfa, muddin an busar da ita ganyenta bai kakkaɓe ba.