Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Kanada: an cuce ni dala 540 a kan matakan babur ɗin ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan magana ina gogewa, don kunya ta hana ni sakinta. Yau dai na ce sai ta fita, tunda mutumin da ya cuce ni ya sake ɗora tallar matakan a intanet da wani suna daban, na gan ta da idona jiya da daddare. Dala 540 ya ci mini. Dala 540 na Kanada, kuɗin da na yi aikin dare a cikin sanyin Edmonton na tara.

Kafin wani ya ce mini araha ba ta ado, ya tsaya ya ji. Ba garaje na yi ba. Shekarata tara a ƙasar nan, na sayi mota ta intanet, na sayi tayoyin sanyi, babur ɗin ma kansa a hannun wani na saye shi ta Facebook Marketplace, ba a taɓa cuta ta ko sisi ba. Na san yadda 'yan damfara ke magana, ko a gida mun saba jin labarinsu. Wannan bai yi magana irin tasu ba.

Ga wanda bai san abin da nake nufi ba: babur ɗin ƙanƙara yana da matakai biyu na alminiyam, dama da hagu, inda mutum ke ɗora ƙafa. A kan dutse ba a zaune ake tuƙa shi ba, a tsaye ake, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, wani lokaci ƙafafunka duka suna gefe ɗaya kana riƙe da injin da ya haura kilo 200 a jikin gangare. Dusar ƙanƙara tana taruwa a kan matakan, ɗumin injin ya narkar da ita, sanyi ya sake daskarar da ita, ta koma sulɓi kamar gilashi. Nawa Ski-Doo Summit ne na 2014, ya sha aiki a hannun mai shi na farko, haƙoran matakan sun cinye, na hagu kuma ya lanƙwashe. Bara a Valemount, wani gari a cikin duwatsun British Columbia, ƙafata ta zame, gwiwata ta bugi ƙarfe, na yi sati uku ina sallah a zaune. Shi ya sa nake neman irin waɗanda ake sayarwa daban, masu manyan ramuka da dusar ke zubewa ta ƙasa, da haƙora masu kaifi da ke kama takalmi. Ba ado nake nema ba, lafiyar ƙafata nake nema.

A shago an ce mini sababbi za su kai kusan dala 700 in an haɗa da haraji. Shi kuwa mai tallar ya saka wa nasa 450, ya ce sababbi ne a kwali, ya saya ya sayar da babur ɗinsa kafin ya ɗaura. Ku gaya mini, 450 a kan abin 700, ina alamar damfara a nan? Da 150 ya ce, wallahi ko amsa shi ba zan yi ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne tambayar da ya yi mini. Na rubuta masa cewa ina so, ko kuɗi ban ambata ba, sai ya ce in dakata tukuna, babur ɗina XM ne ko XP, wato wace ƙirar jiki ce a cikin ƙirar Ski-Doo guda biyu? Ya ce kada in ɓata kuɗina, in na XP ne waɗannan ba za su zauna ba. Na ce na 2014 ne. Ya ce to XM ne, tsawon bel ɗin da babur ke tafiya a kai fa, inci 154 ko 163? Na ce 154. Ya ce madalla, daidai ne. Ɓarawo ne zai ce maka kada ka ɓata kuɗinka? Nan na saki jiki. Ina ta komawa kan wannan saƙon ina karantawa, na karanta shi ya fi sau talatin. XM ne ko XP. Mutumin ya san babur, wallahi ya san shi. Har ya gaya mini yadda zan huda tsofaffin ƙusoshin ribit in cire, ya ce in bi a hankali kusa da bututun ruwan sanyaya inji kada in fasa. Wanda zai cuce ka yana koya maka yadda za ka kiyaye kayanka!

Na tura dala 200 kafin alƙalami ta Interac e-Transfer, hanyar tura kuɗi tsakanin bankunan Kanada, ranar Talata. A'a, kafin nan ma mun yi waya. Ranar Litinin da yamma na ce ya kira ni, don ni ba na tura kuɗi ga wanda ban ji muryarsa ba, kuma ya kira. Mun yi minti goma sha ɗaya, yana nan a wayata. Dattijo ne a murya, ba ya sauri, ya ce yana garin Prince George, ya san Valemount, ya tambaye ni ko na taɓa zuwa McBride, wani gari a yankin. Na ce ya ɗauko mini hoto da awo, ya turo hoton matakan da tef a jikinsu. Na duba shafinsa, akwai hotunan iyali, akwai kare, an buɗe shi shekaru da suka wuce. Me kuma ya rage in bincika? Prince George ya fi kilomita 700 daga inda nake, ba zan kama hanya a tsakiyar hunturu saboda matakai biyu ba.

To 200 ranar Talata. Laraba ya turo hoton kwali an naɗe da salatif, sunana da adireshina a rubuce da hannu a jiki, ya ce in cika 250 ya kai gidan waya. Na cika, 450 ke nan. Sai Alhamis, ko Juma'a ce da safe, ya ce kwalin ya yi tsawo, an caje shi fiye da yadda ya zata, dala 90 har da inshora, in ya so mu raba. Ni da bakina na ce a'a, bar shi, zan biya duka tunda ya yi mini ragi. Ni na ce zan biya. 200, da 250, da 90. Dala 540.

Maman yara ta yi magana tun a kan 250 ɗin. Ta ce Abban yara, me zai hana ka bari kayan su iso? Na ce mata ba haka ake yi ba a nan, mai kaya ba zai saki kayansa ga wanda bai sani ba. Kuma gaskiya na faɗa, haka ake yi. Tun da abin ya faru ba ta ce mini komai ba, shirun nan ya fi yi mini ciwo.

Lambar bin sawun kaya da ya ba ni ta gaske ce, tana buɗewa. Abin da take nunawa kawai shi ne an buga takardar aike, ba a karɓi kaya ba. Kwana ɗaya, biyu, biyar, tana nan yadda take. Ya ce ƙanƙara ce ta tare hanya, kuma a makon an yi ta zuba, sai na yarda. Daga baya ya ce matarsa na asibiti, na yi masa addu'a. Na yi wa mutumin da ya sace mini dala 540 addu'ar Allah ya ba matarsa lafiya. Washegari na nemi shafin na rasa, lambar waya kuma ba ta shiga.

Na manta ban faɗi mafi muni ba. Ranar Asabar ɗin da ya turo lambar bin sawun, na shiga gareji na huda ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya koya mini, na yanke tsofaffin matakan na cire, don in sababbin sun iso in ɗaura kawai. Awa huɗu na yi yatsuna na ƙagewa. Yanzu babur ɗin yana tsaye ba wurin taka ƙafa ko ɗaya. Tsofaffin ba sa mayuwa, na riga na yanka su. Dole in sayi na shago, 700 a kan 540 da ta tafi.

Wani abokin aikina ne ya ɗauki hoton nan mai tef ya saka a binciken hoto na Google. Cikin minti biyu ya fito da shi a wata tsohuwar talla ta wani mutum daban, a wani gari daban. Hoton da na dogara da shi na sata ne. Shafin ma da alama na wani bawan Allah ne aka ƙwace, shi ya sa ba zan sa sunan a nan ba, kada in jawo wa marar laifi zagi. Hoton kwalin kuwa kwali ne kawai, kowa zai iya rubuta sunana a jikin kwalin da ba komai a ciki. Yanzu kuma yana da adireshin gidana, inda 'ya'yana ke kwana, wannan ma yana damuna ƙwarai.

Na je banki. Sun saurare ni, sun buɗe fayil, amma sun gaya mini gaskiya: kuɗin e-Transfer in ya shiga asusun mai karɓa kai tsaye, kamar ka miƙa tsaba ne hannu da hannu, da wuya ya dawo. Na kai rahoto wurin 'yan sanda, na kuma cike fom a Canadian Anti-Fraud Centre, cibiyar karɓar rahoton damfara ta Kanada. Duk wanda aka yi wa irin wannan ya kai, ko da ba ya sa ran komai.

Ina da komai a ajiye: rasit uku na 200 da 250 da 90, hirarmu daga farko har ƙarshe, lokacin da muka yi waya, da sabuwar tallar da ya ɗora jiya. Zan rufe adireshina da sunan mai shafin in ɗora hotunan gobe in sha Allahu, ku ga tambayar XM da XP da idonku, sannan wanda ke cewa sakaci na yi ya faɗa mini ko shi da zai gane.

Kada ku tura e-Transfer ga wanda ba ku gani ba. Ku ce ya yi kiran bidiyo yana riƙe da kayan, ku binciki hoton kafin ku biya, kuma kada ku kwance tsoho sai sabo ya shigo hannu.

Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba. Asabar mai zuwa abokaina za su tafi Valemount, tun watan jiya muka biya kuɗin masauki, nawa kason ma ba za a mayar mini ba. In akwai wanda ke da matakan XM na 154 a nan Edmonton, ko tsofaffi ne, ya yi mini magana, zan zo da kaina in gani in biya a hannu.