GARGAƊI: Yuro 420 na biya kan banatin Jamus mai lambar ƙarya

Jama'a masu tara tsofaffin kayan soja, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke sayar da banati, wato wuƙar da soja ke ɗaurawa a bakin bindiga, a intanet, yana cewa kayan kakansa ne, ya cuce ni Yuro 420. Har yanzu hannuna rawa yake idan na ɗauki abin.

Banatin da ake ɗaura wa bindigar K98k ne, ta sojan Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, samfurin da ake kira S84/98. Ya ce ƙirar Carl Eickhorn ce ta garin Solingen, 1939, kuma lambar da ke jikin wuƙar ita ce ke jikin kuben. Wanda ya san harkar ya san nan kuɗin yake. Wuƙar da ta rabu da kubenta na asali tana ko'ina, araha ce. Wadda suka fito masana'anta tare, ba su taɓa rabuwa ba, ita ake nema, ita na biya wa Yuro 420.

Kada wani ya zo yana ce min ban duba ba. Na duba. Na san daga 1937 zuwa wajen 1940 masana'antun suna buga cikakken sunansu, daga baya suka koma haruffa uku na ɓoye suna, Eickhorn ya zama cof, Hörster, wata masana'antar ta Solingen, ta zama asw. To wannan cikakken suna gare shi, ga 39 a bayan ruwan wuƙar, daidai inda ake buga shekara a lokacin. Na sa ya auna, tsawon ruwan santimita 25 ne. Mariƙin katako ne, ga farantin ƙarfen nan da ke kare shi daga wutar bakin bindiga. Lambobi guda huɗu da ƙaramin harafi a ƙasa, iri ɗaya a wuƙa da kube. Me kuma ya rage mutum ya duba a hoto?

Abin da ke ta dawo min a rai shi ne maganar tsagar. Ban tambaye shi ba, shi da kansa ya rubuto: «Kafin ka biya, ka sani akwai 'yar tsaga a katakon mariƙi kusa da kusa ta biyu, ba na son ka gani daga baya ka ce na ɓoye maka.» Har da hotonta ya turo. Na karanta wannan saƙon na ce a raina, wannan mai gaskiya ne. Wane maƙaryaci ne zai nuna maka aibin kayansa da hannunsa? Ba na son ka ce na ɓoye maka. Haka ya rubuta, yana nan a wayata. Ashe tsagar ya miƙo min in kalla domin kada idona ya je inda ɓarnar take.

Da kayan suka iso, tun kafin in gama kwance takarda launin kuben ya tsaya min. Baƙi wul, yana sheƙi, ita kuma wuƙar ta dushe irin ta abin da ya haura shekara tamanin. Na bi wuyan kuben da yatsa na ji wajen lambar ya ɗan lotsa. An kankare tsohuwar lamba ne, aka buga sabuwa, aka sake rina ƙarfen. Da gilashi mai ƙara girma sai ga shi siffar 7 ta kube daban da 7 ta wuƙa, ɗaya daga cikin lambobin kuma ta karkace. A ɗaya gefen, idan ka karkata shi ga haske, inuwar asw tana nan ba ta gama gogewa ba. Kuben Hörster, wuƙar Eickhorn, an yi musu auren dole.

Na manta ban faɗi maganar hatimi ba, alhali ita ta fi ƙona min rai, kuma tun kafin biya aka yi ta. A gindin mariƙi akwai tambarin masu duba makamai na soja, 'yar gaggafa da WaA da lamba. A duk hotunansa ya manna takarda a wurin. Na tambaya, ya ce doka ce, sashe na 86a na dokar laifuka ta Jamus ya hana nuna alamun 'yan Nazi a fili. Dokar gaskiya ce, masu sayarwa da yawa suna rufe alamar, shi ya sa ban yi gardama ba. Amma su alamar kaɗai suke rufewa, shi har lambar ya rufe. Da na ɓare takardar sai na ga WaA519. Ƙirar Solingen ta 1939 WaA253 ake gani a kanta, 519 sai da aka shiga shekarun 1940 ta bayyana. Ga shi kuma tambarin sabo fes, ya hau kan ramukan tsatsa, wato tsatsa ta riga shi zuwa.

Wuƙar kanta ta gaske ce, ban musa ba. Amma an lalata ta da tambarin ƙarya, yanzu ko rabin Yuro 420 ba mai ba ni, kuma ni ba zan tura wa wani ita da ƙaryar da aka turo min ba.

Na rubuta masa da hotuna. Ya ce a haka ya same ta a akwatin kakansa. Kakan ne ya zauna da magagari yana kankare lamba? Daga nan ya toshe ni. Kuɗin ma, ya roƙe ni in tura ta manhajar biyan kuɗi a matsayin kyauta ga aboki, wai don kada a cire masa kaso, kuma bayan maganar tsagar nan ne ya roƙa. Irin wannan turawa ba ta da kariyar mai saye, don haka babu inda zan kai ƙara a dawo min da ko sisi daga cikin Yuro 420.

Ku nemi hoton wuyan kube daga gefe, cikin hasken rana, ku ga lambar WaA da idonku, kada ku biya a matsayin kyauta. Labarin kaka kuwa ku bar masa abinsa.

Hotunan hirarmu da shaidar biya da na kuben duk suna hannuna, zan sa su da zarar na rufe bayanaina da ke ciki. Ku lura da teburin da yake ɗaukar hoto a kai, mai shimfiɗar koren ƙyalle, domin na sake ganinsa ƙarƙashin wani suna daban, da wani banatin mai «lamba iri ɗaya», da takarda manne a gindin mariƙi.