Shagon Wayarin da Ke Auna Babur Kafin Ya Canja Kaya

Masu gyaran babur suna da yawa a kewayen kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, amma kaɗan ne daga cikinsu suke yarda su taɓa mitar juyin inji, wato agogon da allurarsa take nuna sau nawa inji yake juyawa a minti ɗaya. Galibi za a ce maka ka rabu da ita tunda babur yana tafiya, ko kuma ka je ka sayo sabuwa. Wani ƙaramin shago na mai wayarin da yaransa biyu ya bi wata hanya dabam da babur ɗina, kuma saboda hanyar ce nake ganin ya cancanci a yi maganarsa.

Matsalar ita ce allurar takan tsaya daidai idan inji yana kan sulo, amma da zarar an murɗa totur sai ta riƙa tsalle, ta haura 8,000 ta faɗo sifili, alhali ƙarar injin ba ta canja ba. Maigidan bai kwance komai ba sai da ya leƙa bayan mitar domin ya san irinta, saboda iri biyu ne. Akwai mai kebur, wadda ake ɗaure ta da kan inji, kuma lalacewarta ba ta cika wuce tsinkewar kebur ko cinyewar haƙoran giyar da ke juya shi ba. Akwai kuma mai lantarki irin tawa, wadda take ƙirga bugun wutar da CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa tartsatsin fulogi, yake aika wa kwayil. Ita wannan wayoyi uku ne ginshiƙinta, kuma a baburan da suka bi tsarin launin Honda, baƙa ce ke kawo wuta daga makulli, koriya ce wayar ƙasa, baƙa mai ratsin ɗorawa kuwa ita ce ta kwayil.

Abin da ya fi burge ni shi ne da batir ya fara, ba da mitar ba. Ya ɗora na'urar auna wuta, ta nuna volt 12.6 inji yana kashe, sannan ya sa yaronsa ya tayar ya riƙe totur, ta tsaya wajen 14. Ya bayyana mini cewa da ta zarce 15, to caja ce ta lalace, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir, kuma cajar da take sakin wuta fiye da kima tana iya haukata allura, ta ƙone ƙwan fitila, daga ƙarshe ta kashe mitar baki ɗaya. Da ya gamsu da wannan sai ya buɗe ƙoƙon fitilar gaba, inda soket ɗin mitar yake. Bakin koriyar wayar ya yi kore shar da tsatsa, ga alamar ruwan damina ya taɓa kwanciya a wurin, kuma da ya girgiza soket ɗin inji yana aiki, allurar ta bi hannunsa tana rawa. Ya yanke bakin, ya kankare, ya sa sabo ya liƙe da dalma.

Tsallen ya ragu sosai amma bai ƙare ba, kuma a nan ne wani zai ce aiki ya yi a biya shi. Shi kuwa sai ya cire fulogi ya nuna mini lambar da ke jikinsa, babu harafin R. Fulogi mai R yana ɗauke da abin rage hayaniyar tartsatsi a cikinsa, kimanin ohm 5,000, kuma idan babu shi a fulogi ko a hularsa, hayaniyar takan shiga wayar mita ta ƙirga ta a matsayin juyin inji. Da aka sa wanda ya dace, allurar ta zauna wajen 1,400 a kan sulo, tana hawa a hankali daidai da totur.

Shagon yana da nasa aibu. Ba ya ajiye kaya, don haka fulogin ma sai da aka aiki yaro cikin kasuwa, ni kuma ina zaune a kan benci ba inuwar kirki. Maigidan yana haɗa aiki uku a lokaci guda, wanda yake gaggawa zai ƙosa. Ban kuma ji daɗin yadda aka naɗe wurin gyaran da tef kawai ba, domin zafin Kano yakan sa gam ɗinsa ya saki, ga shi wuri ne da ruwa ya riga ya san hanyarsa. Yaron da ya mayar da fitilar ya bar ta tana kallon sama, sai da na dawo aka saita.

Kuɗin aiki da na fulogi a haɗe bai kai kuɗin sabuwar mita ba, wadda da an saye ta ma da tsallen zai ci gaba, tunda cutar ba a cikinta take ba. Wanda mitarsa mai kebur ce ba ya bukatar zuwa nan, kowane makanike zai canja masa. Mai irin tawa kuwa ya je da safe kafin babura su taru, ya kuma nemi a sa roba mai ƙanƙancewa da zafi a kan wayar maimakon tef.