Littattafan bita na kasuwar Garwa: a duba shafi uku kafin a biya

Da jarrabawar CEP ta kammala firamare da ta shiga siziyam, ajin farko na sakandare, sun matso, teburan masu littattafai a kasuwar Garwa ta arewacin Kamaru sukan cika da ƙananan littattafan bita na tambaya da amsa, waɗanda suka haɗa tarihi, tsarin mulkin ƙasa, kiwon lafiya da ɗan adabi a bango ɗaya. Da Faransanci aka rubuta su, da yawansu kuma injin kwafi ne ya fitar da su. Suna da araha, suna da amfani, amma akwai gara a ciki: sau da yawa bangon ne kawai sabo, cikin tsohon bugu ne.

Sashen tarihi ya fi kowanne inganci, domin kwanan wata ba ya tsufa. Yaro zai samu 1 ga Janairu 1960 ranar 'yancin kai, 1 ga Oktoba 1961 haɗewa da yankin Ingilishi, 20 ga Mayu 1972 ƙuri'ar da ta soke tsarin tarayya, da 6 ga Nuwamba 1982 ranar da Paul Biya ya gaji Ahmadu Ahijo. Inda suka gaza shi ne tarihin arewa. Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, layi ɗaya ake ba shi. Yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilu 1900, inda Rabeh da kwamandan Faransa Lamy suka mutu rana ɗaya, da miƙa wuyan Jamusawa a dutsen Mora a 1916, sai malami ya cike su da baki.

Shafin farko da za a buɗe shi ne na rabon ƙasa. In aka ga kalmar "province", a mayar wa mai shi, don tun 2008 aka koma "région". Amsar da ake nema yau ita ce yankuna 10, sassan mulki na firefe (shugaban sashe) 58, da na su-firefe (shugaban ƙaramin sashe) 360. Shafi na biyu shi ne na majalisa: 'yan majalisar dokoki 180, sanatoci 100, 70 zaɓaɓɓu, 30 shugaban ƙasa ke naɗa su. Littafin da bai ambaci majalisar dattawa ba ya girmi 2013, kuma yaron da ya haddace shi zai yi asarar maki ba da laifinsa ba.

Shafi na uku ya fi damunmu, domin kuskurensa ba ya tsayawa a aji, gida yake zuwa. Haɗin ruwan gishiri da sukari na mai gudawa shi ne lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A kwafin da aka yi ta ɗauka daga kwafi, alamar ½ takan dushe har ta yi kama da 1 ko 2. Gishiri in ya yi yawa, yawansa yakan hau a jinin yaro, ya yi masa mummunan lahani. A ɗauki biro a gyara adadin, a ƙara cewa ana zubar da haɗin bayan awa 24, ana kuma ba yaro ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Littafin da har yanzu yake cewa kulorokin ne maganin zazzaɓin cizon sauro, wannan ma ya tsufa, balle a sa ran zai san allurar rigakafin da Kamaru ta fara yi wa jarirai a Janairu 2024.

Adabi kuwa jerin sunaye ne kawai na hadda, babu ko sakin layi ɗaya da yaro zai karanta. Abin takaici ne a ce Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa da ta ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise, wato babbar sakandare, a 2020, ba ta cikin yawancinsu.

Ga mai saye: a ƙirga lambobin shafi, don kwafi kan tsallake na tsakiya, a sa tela ya bi gindin da zare, a naɗe bangon da leda. Sannan a kai wa malamin ajin ya gwada shi da manhajar bana kafin yaro ya fara hadda.