Almon mai barbarar kansa da mai jiran maƙwabci: ina bambancin yake?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa wani almon (bishiyar nan da ake cin ƙwayar 'ya'yanta kamar gyaɗa) yake yin 'ya'ya shi kaɗai, wani kuma sai an dasa masa wani iri a gefe, kuma wanne ya fi. To, maganar duk tana komawa wuri guda a cikin ƙwayoyin gado, wanda masana suka laƙaba wa harafin S.

Kowace bishiya tana ɗauke da nau'in S guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayar garin fure kuwa ɗaya tak take ɗauka. Da ta sauka a kan fure sai ta fitar da siririn bututu, ya gangara ta wuyan furen zuwa inda ɗa zai ƙullu. In S ɗinta ya zo ɗaya da na furen, akwai sinadarin da ke wuyan nan da zai tsayar da bututun a rabin hanya. Furen ya bushe, ya zube, ba ɗa.

Haka Nonpareil yake, irin da A. T. Hatch ya fitar a Kaliforniya a 1879. Ko bishiya dubu ka dasa, tun da duk reshen bishiya ɗaya aka yi ta aurarwa, a wurin furen bishiya ɗaya ce. Shi ya sa ake yin layin Nonpareil, sai layin wani iri kamar Carmel ko Monterey, kuma dole furensu ya buɗe lokaci guda a watan Fabrairu. Sannan a kawo ƙudan zuma, wajen amya biyu a kowace eka. Wahalar ba ta ƙare nan ba: ba tare suke nuna ba, don haka sai an shiga gonar girbi sau biyu, kuma ba a haɗa 'ya'yansu. Abin da ya riƙe manoma a kansa shi ne kasuwa, ɓawonsa mai laushi ne, ƙwayarsa fara sumul, ya fi tsada.

Ɗaya ɓangaren kuma yana da wani nau'i da ake kira Sf, wanda aka fi saninsa daga Tuono, tsohon iri na yankin Puglia a kudancin Italiya. A nan sinadarin mai tare hanya ba ya aiki, garin furen bishiyar yana wucewa abinsa. Lauranne na Faransa da Independence na Amurka duk masu barbarar kansu ne. Iri ɗaya a gona, feshi lokaci ɗaya, girbi sau ɗaya.

Yadda aka samu Lauranne yana burge ni ƙwarai. Uwarsa Ferragnès tana da S1 da S3, ubansa Tuono yana da S1 da Sf. Garin da ke ɗauke da S1, uwar ta ƙi shi, mai Sf ne kaɗai ya wuce. Ka ga ke nan ƙin da kansa ya tace 'ya'yan, duka suka fito masu barbarar kansu. Da iyayen ba su haɗa S1 ba, da rabi kawai za a samu.

Amma kada a ce maka mai barbarar kansa ba ya bukatar zuma. Karɓar gari daban, isar garin kan furen daban. Wani bincike da aka wallafa a 2020 a kan Independence ya nuna amfanin ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 inda ƙudan zuma suka samu shiga. Rage amya ake yi, ba cirewa ba.

In bishiya ɗaya ko biyu za ka dasa, ko furenka yana yawan haɗuwa da sanyi da ruwan da ke hana zuma fita, ni dai mai Sf zan ce ka ɗauka. Ka tabbata dashen aure ne. In ka shuka ƙwallo, gadon zai sake rabuwa, har ka iya tarar da mai ɗaci bayan ka shekara uku ko huɗu kana jira.