Kallon Formula 1: wa ya kamata ka biya, kuma wa ya kamata ka guda?

Kafin ka tura wa kowa kuɗi don kallon tseren motoci na Formula 1, ka fara sanin wace tasha ce ke riƙe da haƙƙin haska gasar a ƙasarku, kuma yaushe kwantiraginta zai ƙare. Yawancin asarar da masu son tseren ke tafkawa daga nan take farawa. Haƙƙin nan haya ce ta 'yan shekaru, ƙasa ƙasa ake ba da shi, kuma tun da kamfanin Liberty Media ya karɓi gasar daga hannun su Bernie Ecclestone a farkon 2017 cinikin ya ƙara zafi.

Duba yadda abin ya yi ta yawo. A Birtaniya a da BBC ce ke nunawa kyauta, a 2012 Sky ta shigo suka raba, daga 2019 kuwa Sky ta kwashe duka, sai tseren gida na Silverstone kaɗai da taƙaitattun hotuna aka bar wa Channel 4. A Faransa Canal+ ta ƙwace daga TF1 a 2013. A Jamus RTL ta nuna kyauta tun 1991, duk zamanin Michael Schumacher, amma daga 2021 sai mai katin Sky, in ban da 'yan tseruka kaɗan. Na baya-bayan nan shi ne na Amurka: ESPN ta riƙe daga 2018 zuwa 2025, sai Apple ta karɓe na shekara 5 daga 2026, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai kusan dala miliyan 140 duk shekara.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na ƙasashen Larabawa. Mutane da yawa a Arewa a MBC Action suka fara ganin motocin nan, a kan dish ɗin da aka kafa don finafinai da kokawa, ba kati ba biyan wata. Dalili kuwa, a 2019 beIN Sports ta Katar ta ƙi sabunta kwantiraginta, ta ce satar fasahar da tashar beoutQ ke yi mata ta sa cinikin ba riba, sai MBC ta ɗauka. Wannan garaɓasar ta ƙare. Daga 2024 gasar ta koma beIN da kwantiragin shekara 10, har 2033. Saboda haka duk mai gyaran dish ɗin da ya ce maka zai juya kwanon ya kamo maka tseren kyauta kamar da, labarin shekarun baya yake sayar maka.

To me ya rage a kasuwa?

Na farko, kuma wanda kowa zai fara ambata, SuperSport a kan DStv. Ita ke da haƙƙin a yawancin ƙasashen kudu da Sahara, da sharhin Turanci. Hoto mai kyau ne, ba ya cin data, kuma mai son tseren babura na MotoGP zai same shi a gida ɗaya. Matsalar kuɗi ce. A Najeriya tsarin Premium ya tashi daga naira 29,500 zuwa 37,000 a Mayun 2024, sannan ya koma 44,500 a Maris na 2025. In gidanku dama kuna biya saboda ƙwallo da tashoshin yara, shi ke nan, ba ka da abin nema. Amma ka biya wannan kuɗin don Lahadi biyu a wata, ni dai ban ga hikimar ba. Kuma kada sunan SuperSport ya ruɗe ka: ƙananan tsare-tsare ƙwallo suke ɗauke da ita, don haka ka sa wakili ya nuna maka tashar tseren tana aiki a kan ainihin tsarin da za ka biya. Sai kuma damina. Tserukan Turai daga Mayu zuwa Satumba ake yin su, daidai lokacin da hadari ke haɗowa da rana tsaka, kuma kowa ya san abin da ruwan sama ke yi wa dish.

Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi suna da Canal+, da sharhin Faransanci, in kunnenka ya saba ba laifi. Tunda Canal+ ɗin ta kammala sayen MultiChoice mai DStv a Satumban 2025, yanzu uwa ɗaya ce ke shayar da su biyun, kada ka sa rai za su yi gasar rage maka farashi. beIN kuwa ta 'yan'uwanmu na Sudan da Saudiyya ce. Gidan kallo ma kada ka ɓata tafiyarka: tseren Turai ƙarfe 2 na rana yake tashi agogon Najeriya da Nijar, ranar Lahadi, kuma babu mai gidan kallon da zai cire wasan Firimiya ya sa maka motoci.

Nawa zaɓin shi ne F1 TV Pro, manhajar masu gasar da kansu, wadda aka buɗe a 2018. Ba na ɓoye son da nake mata.

Abin da tashar talabijin ke ba ka hoto ɗaya ne, wanda mai tsara shiri ya ga dama. In na gaba ya tsere wa kowa da daƙiƙa ashirin, za ka iya shafe zagaye goma kana kallon mota ɗaya tana zaga fili, alhali ainihin faɗan yana can tsakanin na bakwai da na takwas. A manhajar nan kai ke zaɓa. Kowace mota akwai kyamara a samanta, ka danna sunan direba ka shiga motarsa, ka ga hannayensa a kan sitiyari, ka ga ƙananan fitilun da ke gaya masa ya canza giya, ka ji injiniyansa ta rediyo yana ce masa ya lallaɓa tayoyin baya ko ya shigo canjin taya a wannan zagayen. Wanda ke bin Lewis Hamilton tun komawarsa Ferrari a 2025 zai iya zama a motarsa daga farko har ƙarshe, ya ji da kunnensa yadda suke musayar magana da mutanensa, ba sai wani ya tsakuro masa ba. Akwai kuma allon lokuta, mai nuna tazarar kowace mota da irin tayar da ke ƙafarta da zagaye nawa ta yi a kai. Da wannan allon ne mutum ke fara gane cewa rabin tseren a lissafin taya ake cinsa. Ni kan sa babban hoto a talabijin, allon lokuta a waya a kan cinyata.

Wani abin da ya fi mana amfani fiye da Turawa shi ne maimaici. Tseren Ostireliya da na Las Vegas wajen ƙarfe 5 na asuba suke faɗowa a wurinmu, na Japan ƙarfe 6, na Meziko da dare. Wanda ya tafi masallaci, ko aka ɗauke wuta ba mai a janareta, zai dawo ya kunna daga farko a lokacin da ya ga dama, muddin ya kame hannunsa daga Facebook. Cikin kuɗin akwai gwaje-gwajen Juma'a, da zagayen neman gurbi na Asabar, da ƙananan gasanni irin F2 da F3, da rumbun tsofaffin tseruka. A waya ma yana yi, wato ko batirin sola ya ishe ka.

Tana da nata sharuɗɗan, kuma gara ka san su tun yanzu. Suna sayar da hawa uku: Access, Pro da Premium. Access shi ne mai araha, kuma ba ya nuna tseren kai tsaye, allon lokuta ne da wasu shirye-shirye. Mutane na ganin sauƙin kuɗin su danna, ranar Lahadi su tarar ba hoto. Pro kake nema. Premium da aka ƙaro a 2025 na masu babbar talabijin da intanet marar yankewa ne, ba dole ba. Ba kowace ƙasa ake sayar da Pro ba: a Birtaniya babu shi saboda Sky. Hanyar sani mai sauƙi ce, ka buɗe shafinsu da layin wayarka na gida, ba tare da VPN ba, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, abin da suka nuna maka shi ne aka halatta a inda kake. Sai data. Tsere kusan kilomita 305 ne, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma hoto mai kyau yana iya lashe gigabait biyu zuwa uku a awa. Ka haɗa da na Asabar, ka lissafa kafin ka ce ya fi DStv sauƙi. A wurina har yanzu ya fi, amma wanda unguwarsu sabis ke rawa da yamma, dish ya fi masa kwanciyar hankali. Biyan ma da kati ne mai aiki a ƙasashen waje, ka tambayi bankinka ko naka yana yi.

Kuma wata-wata za ka biya, kada ka biya shekara, ko da sun yi maka ragi. Ita ma manhajar haƙƙin haskawa na iya kore ta daga ƙasa. Da Sky ta karɓe Jamus a 2021 an rufe wa sababbin masu rajista ƙofa, a Amurka kuma daga 2026 ta koma cikin kuɗin Apple TV. Ga shi daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu ba a tsere, a Agusta ma ana hutun makonni. Me zai sa ka biya kuɗin filin da ba kowa a kai?

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan ne aka taɓa ƙona ni. Wani mai shagon kayan dish ya sayar mini da ɗan akwatin nan na intanet, da alƙawarin tashoshi dubbai da duk wasannin duniya, kuɗin shekara guda a dunƙule. Makonnin farko lafiya lau. Da kakar tsere ta yi nisa sai ya fara tsayawa, kuma ba ya tsayawa sai an zo wurin: fitilu biyar na fara tsere sun kunnu, ana jiran su mutu motoci su tashi, sai ɗan zoben nan ya hau juyawa a tsakiyar allo. Kafin hoto ya dawo an wuce kwanar farko, mota biyu na gefen hanya, ban san wa ya taɓa wa ba. Daga baya tashar ta ɓace ɗungurungum. Na koma shago, ya ce daga sama ne, a yi haƙuri za a gyara. Da na matsa sai ya ce akwai sabuwar lamba, amma sai na ƙara wani abu.

Ba shi kaɗai ba ne, sana'a ce guda. Abin da suke yi shi ne satar hoton Sky ko beIN ko SuperSport su sake watsawa, shi ya sa hotonsu ke makara da minti ɗaya ko biyu, saƙon abokinka na murna ya riga motar isa layin ƙarshe. Ranar babban tsere kowa ya hau, na'urarsu ta kasa ɗauka. Ranar da masu haƙƙi suka gano su kuwa a rufe, su canza suna su dawo, kai kuma kuɗinka ya bi ruwa, ba rasit ba wurin kai ƙara, tunda abin da ka saya ɗin ma haramtacce ne a doka. Duk wanda ya ce maka biya ɗaya har abada, ka tambaye shi yadda aka yi ya fi Apple sa'a, ita da kuɗinta shekara 5 kawai aka ba ta.

Akwai masu tallan asusun F1 TV a WhatsApp da Telegram, rabin farashi. Asusu ɗaya ne suke sayar wa mutum goma, ko wanda aka buɗe da katin sata. Ranar Lahadi za ka tarar an canza kalmar sirri, lambar mai sayarwa kuma a kashe. Akwai masu cewa za su yi maka rajista ta wata ƙasa mai araha da VPN. Wannan ya saɓa ƙa'idar manhajar, kuma in aka rufe asusun ba wanda zai saurare ka.

Mafi haɗari su ne masu turo maka manhaja ta hanyar latsa wani adireshi, ba daga Play Store ko App Store ba, da tambarin F1 ja zur kamar gaske. Kana sakawa sai ta nemi izinin karanta saƙonninka da lambobin wayarka. Me manhajar kallon mota za ta yi da saƙonninka? Lambar sirrin da banki ke turo maka take nema. Haka shafukan kallo kyauta da ke cewa ka sa lambar katinka don tantancewa kawai, ba za a cire komai ba. Za a cire. Ko a wajen sabunta dikoda ma, akwai masu kira su ce su wakilai ne, ana ragi na musamman, ka tura kuɗi asusun wani mutum. Ka biya ta manhajar kamfanin, ko ta bankinka, ko a ofishin da ka sani, kuma ka tsaya har tashar ta buɗe a gabanka. In mai shago ya rantse akwatinsa na halal ne, ka ce ka yarda, za ka zo ranar Lahadi ƙarfe 2 ya kunna maka tseren a shagon, ka biya bayan an gama. Yawancinsu a nan zancen ke mutuwa.

Wanda aljihunsa bai kai ko ɗaya ba a yanzu, tashar Formula 1 ta YouTube na saka taƙaitaccen kowane tsere jim kaɗan bayan an tashi, 'yan mintuna, kyauta kuma halal. Ka fara da shi na wata ɗaya ko biyu. In ka ga kana neman sanin dalilin da ya sa wane ya shiga canjin taya da wuri, lokacin biyan Pro ya yi, wata guda tak, kuma ka zaɓi watan da ke da tsere uku, kamar yadda ake yawan samu a jadawalin tseruka 24 irin na 2024 da 2025.